Yadda ake sauya wayarin fitilar hazo a motocin shiga daji ba tare da taka dokar hanya ba

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa wajen Maris, lokacin da iskar hunturu ke kwaso ƙurar Sahara tana lulluɓe hanyoyin Kano, Katsina, Maraɗi da Damagaram, masu Hilux da Land Cruiser da Prado da Pajero kan je wurin masu wayarin mota da buƙata iri ɗaya, wato a sa fitilar hazo ta riƙa kamawa ba sai an kunna babbar fitila ba. Buƙatar tana da hujja. Babbar fitila tana zaune a sama, kusa da saitin idon direba, saboda haka idan haskenta ya bugi ƙura ko hazo sai ya dawo masa a fuska, alhali fitilar hazo tana ƙasa a jikin bamba, haskenta mai faɗi ne kuma gajere, yana shimfiɗa a kan kwalta ya nuna bakin titi. Abin da ba shi da hujja shi ne yadda ake yawan yin aikin: a jawo waya daga batir kai tsaye zuwa wani makunni a dashbod, babu fiyus, babu rile (ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa don ya saki babbar wuta ga fitila), a ƙulla ta da hannu a naɗe da salatif. Aikin da ya dace ya fi wannan sauƙi, domin kusan dukkansa yana kan siririyar waya guda ɗaya, wadda take bai wa rile umarnin ya kama.

Dalilin da ya sa motarka take yin abin da take yi

Mafi yawan motocin da ke yawo a Najeriya da Nijar an ƙera su ne domin wata kasuwar, kuma kowace ta zo da dokar inda ta fito a cikin wayarinta. Wadda aka yi wa Turai tana bin Ƙa'ida ta 48 ta hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da tattalin arzikin Turai. A ƙarƙashin wannan ƙa'ida fitilar hazo ta gaba tana iya kamawa da zarar an kunna ƙananan fitilu na fakin, kuma dole a iya kunna ta ko kashe ta ba tare da la'akari da dim (hasken kusa na babbar fitila) ko ful (haskenta na nesa) ba. Ƙa'idar ta kuma tsara wurin zamanta: guda biyu, fara ko rawaya, kada ta yi ƙasa da santimita 25 daga ƙasa, kada ta wuce santimita 80 a ƙananan motoci, kada ta haura saman fitilar dim, kuma kada ta shige ciki fiye da santimita 40 daga gefen mota.

Wadda aka yi wa Amurka kuwa daban take. A can dokokin jihohi ne suke iko da fitilar hazo, kuma da yawansu sun hana a kunna manyan fitilu fiye da huɗu a gaban mota lokaci guda. A Kalifoniya, sashe na 24403 na dokar ababen hawa ya yarda da fitilun hazo biyu, tsakanin inci 12 da inci 30 daga ƙasa, kuma ya ce a yi amfani da su tare da babbar fitila, ba a madadinta ba. Shi ya sa wasu kamfanoni suke haɗa motocin Amurka yadda fitilar hazo ba za ta kama ba sai dim tana ci, kuma tana mutuwa da zarar an ɗaga ful. Wanda ya sayi tokumbo daga can ya ga haka, ba lalacewa ta yi ba.

A nan gida, madogarar ita ce Yarjejeniyar Biyana (Vienna) ta 1968 kan zirga-zirgar hanya, wadda Nijar ta daɗe da shiga, Najeriya kuma ta shiga a 2018. Yarjejeniyar ta taƙaita amfani da fitilar hazo ga hazo mai kauri, ruwan sama mai ƙarfi, dusar ƙanƙara da makamantansu, ta kuma yarda fitilar hazo ta gaba ta tsaya a madadin dim a irin wannan yanayi. Ta hana jan haske a gaban mota, ta keɓe fitilu masu walƙiya ga motocin da doka ta ba su. A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, da jami'an duba lafiyar mota, wato VIO, su ne masu duba wannan a kan hanya, bisa Dokokin Zirga-zirgar Hanya na 2012, kuma saɓa ƙa'idar fitilu yana cikin jerin laifuffukan da ake yanka wa tara. Mizanin da Ingila take amfani da shi yana da amfani ga kowane direba ko da ba dokarsa ba ce: idan kana iya ganin abin da ke gabanka fiye da mita 100, ba ka buƙatar fitilar hazo, ka kashe ta.

Abin da za a fahimta daga wannan duka shi ne, mayar da motar Amurka zuwa tsarin Turai, inda fitilar hazo ke bin ƙananan fitilu, gyara ne mai ma'ana. Sanya ta ta riƙa ci ita kaɗai ba tare da jajayen fitilun baya ba kuwa ganganci ne, domin direba zai ga hanya a gabansa ya manta cewa na bayansa ba ya ganinsa ko kaɗan a cikin ƙura.

Kafin a yanka kowace waya

Mataki na farko bincike ne, kuma a nan ne ya kamata a ɓata lokaci. Buɗe akwatin fiyus da ke cikin banet, ka duba zanen da ke bayan murfinsa, ka nemi rile da fiyus na fitilar hazo. Idan akwai rile da ake iya zarewa da hannu, aikin mai sauƙi ne. Idan babu, mai yiwuwa motar tana cikin na zamani waɗanda kwamfutar jikin mota ce take kunna fitilu da kanta, kamar Jeep Wrangler daga 2007 zuwa sama. A irin waɗannan ba a yanka waya. A wasunsu ana iya sauya tsarin ne ta na'urar da ake jona wa a soket ɗin gwaji da ke ƙarƙashin sitiyari, idan kuma hakan bai samu ba sai a ja sabon layi dabam wanda bai taɓa na kamfani ba.

Rile na mota yana da ƙafafu masu lamba. Lamba 30 ita ce mai karɓar wuta daga batir, 87 ita ce mai kai ta ga fitila, 85 da 86 su ne na naɗin da ke jan ƙarfen ciki idan ya sami wuta, rile mai ƙafa biyar kuma yana da ƙarin 87a wadda take haɗe da 30 muddin rile bai kama ba. Naɗin nan ba ya cin wuta fiye da kashi ɗaya cikin biyar na amfiya, shi ya sa siririyar waya da ƙaramin makunni suke isarsa, yayin da nauyin fitilun yake bi ta 30 da 87.

Zare rilen, ka sa mitar gwaji a kan volt, ka ɗora baƙin tsinkenta a jikin ƙarfen mota, sannan ka gwada kowane rami na soket ɗin a yanayi huɗu: komai a kashe, ƙananan fitilu a kunne, dim a kunne, ful a kunne, kowanne da makunnin hazo a buɗe da kuma a rufe. Rubuta abin da ka gani a takarda. Ramin da yake da volt 12 a koyaushe shi ne 30. Ramin da ba ya samun wuta sai dim ta kama, shi ne wanda ake nema. Amma a kula da Toyota, musamman tsofaffi: da yawansu suna bai wa babbar fitila wuta a tsaye, makunni kuma yana kunna ta ne ta hanyar haɗa ɗaya ɓangaren da jikin mota. A irin wannan tsari wayar ful tana nuna volt 12 lokacin da ful take a kashe, ta faɗi kusan sifili lokacin da take ci, kuma wanda bai san haka ba zai haɗa komai a juye. Duk waya ko soket mai launin rawaya a kusa da sitiyari na jakar iska ne, ba a soka masa tsinke, haka nan wayoyi biyu sirara da aka murɗe tare, domin su ne layin da kwamfutocin motar ke magana da juna.

A duba kuma ƙarfin batir. Wasu tsofaffin Land Cruiser na dizal, kamar manyan motoci, volt 24 suke amfani da shi, kuma rile ko ƙwan fitila na volt 12 ba zai daɗe a cikinsu ba.

Lissafin fiyus da kaurin waya

Ana raba wat da volt a sami amfiya. Ƙwai biyu na H11 ko H3, kowanne wat 55, sun zama wat 110, wato amfiya 9 da ɗoriya, saboda haka fiyus na amfiya 15, mai launin shuɗi, shi ne daidai, da waya mai kaurin milimita murabba'i 2 zuwa 2.5. Ƙwan H8 wat 35 ne, H16 kuma wat 19, kuma gidan da aka yi wa ƙaramin ƙwai ba ya ɗaukar babba. Roba ce, zafi zai ƙona madubin ciki ya narkar da soket. Fitilun LED na hazo ba su cika wuce amfiya 3 ko 4 su biyu ba, fiyus na amfiya 10, ja, ya ishe su. Fiyus yana kare waya ne, ba fitila ba, don haka ba a sa wanda ya fi ƙarfin wayar, kuma wanda ya maye gurbin fiyus da zaren waya ya cire kariyar gaba ɗaya.

Wajen sayen waya, a kankare zare ɗaya da wuƙa. Idan cikinsa ya fito fari, sanholo ne aka shafa wa jan ƙarfe, yana ɗaukar wuta ƙasa da ta gaske kuma yana karyewa da jijjigar hanya mai gargada. Sauran kayan su ne rile na amfiya 30 ko 40 tare da soket ɗinsa, gidan fiyus mai murfi, makunni mai ɗan haske da ke nuna yana kunne, kawunan waya da filayar matse su, robar da ke tsukewa idan ta ji zafi, da bututun roba mai tsaga na rufe wayoyi.

Sauya umarnin a motar da ta zo da fitilarta

Da farko a kashe mota, a zare makulli, a cire kan batir mai alamar ragi, a kau da shi gefe yadda ba zai koma ya taɓa ba. Idan rediyon motar mai neman lambar sirri ne, a tabbatar ana da ita kafin a cire.

Na biyu, a bi wayar nan da gwaji ya nuna tana kawo wuta daga dim. A wasu motoci tana zuwa ne kai tsaye ƙafar 86 ta rile, a wasu kuma tana fara shiga makunnin hazo kafin ta wuce. A yanke ta a wurin da hannu ke kaiwa, a bar tsawon da zai isa a sake haɗawa idan wata rana an so mayar da motar yadda take. Ɓangaren da ya fito daga dim a toshe bakinsa da robar tsukewa, domin zai ci gaba da ɗaukar wuta duk sanda aka kunna babbar fitila.

Na uku, ɓangaren da ya tafi makunni ko rile a ƙara masa waya zuwa layin ƙananan fitilu. Wurin da ya fi tsabta shi ne akwatin fiyus, ta amfani da ɗan abin nan da ake sokawa a ramin fiyus mai ɗaukar fiyus biyu, ɗaya na asali ɗaya na sabon layi. A sa wa sabon layin amfiya 3 ko 5. Yana da fuska: idan aka soka shi a juye, sabon layin zai riƙa bi ta cikin fiyus na asali, don haka a gwada da mita a ga wane gefen ramin ne yake kawo wuta. Idan babu hali, a ɗauka daga wayar ƙaramar fitilar gaba, a liƙa da dalma ko a matse da kan waya na gaske. Ƙullin hannu da salatif ba ya jure zafin injin da ƙurar rani, kuma shi ne asalin yawancin fitilun da ke kamawa suna mutuwa a kan hanya.

Da wannan kaɗai an gama babban aikin. Fitilar hazo za ta kama da ƙananan fitilu, jajayen baya suna ci tare da ita, kuma ƙarar gargaɗin da mota ke yi idan an buɗe ƙofa fitila na kunne za ta hana a bar ta ta cinye batir.

Sai dai yanzu ba za ta mutu ba idan an ɗaga ful. A ganina ya fi kyau a dawo da wannan, ko da doka ba ta tilasta ba, domin hasken da ke zuba dab da gaban mota yana sa ƙwayar ido ta tsuke, sai nesa ta ƙara duhu a daidai lokacin da ake gudu ana buƙatar ganinta. Ana yin haka da rile na biyu mai ƙafa biyar. Sabuwar wayar umarni ta shiga ta 30 ta fita ta 87a, a bar 87 babu komai, sannan 85 da 86 a haɗa su da ƙafafu biyu na ƙwan babbar fitila waɗanda ke ciyar da zaren ful. Haɗa naɗin a tsakanin ƙafafun ƙwan, maimakon tsakanin waya da jikin mota, yana aiki a kowane tsari, har da na Toyota da aka ambata, muddin rilen ba mai diyod (abin da ke barin wuta ta bi ta gefe ɗaya kawai) a ciki ba ne, domin mai diyod yana da fuska, 86 ce kaɗai ke karɓar wuta. A wasu motocin Amurka da Kanada ana kunna zaren ful da rabin ƙarfi a matsayin fitilar rana, kuma wannan na iya sa rile ya riƙa ƙugi ko ya kama da rana. Idan haka ta faru sai a ɗauki umarnin daga bayan makunnin sitiyari.

Ja sabon layi daga farko

Motar da ba ta zo da fitilar hazo ba, ko wadda kwamfuta ke riƙe da nata, sai a ja mata layi. A kafa rile a jikin ƙarfe kusa da batir, ƙafafunsa suna kallon ƙasa don kada ruwa ya kwanta a ciki lokacin ƙetare rafi ko wanki. Daga kan batir mai alamar ƙari a ja waya mai kauri zuwa 30, fiyus yana kanta a tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya daga batir ba, domin duk abin da ke tsakanin batir da fiyus ba shi da kariya. Daga 87 a kai wa fitilun biyu. Ɗaya wayar kowace fitila a ɗaure ta da noti a jikin mota inda aka kankare fenti har ƙarfe ya fito. Bambar ƙarfe da aka ƙara daga baya ba wurin dogaro ba ce, domin fenti da tsatsa sukan raba ta da jikin motar. Ƙafar 85 ita ma jikin mota, 86 kuma ta tafi makunni, makunni ya ɗauko daga layin ƙananan fitilu kamar yadda aka bayyana. Wayar da za ta shiga cikin mota ta bi ta robar da wayoyin kamfani ke ratsawa, kada ta gogi bakin ƙarfe, kuma a nisanta komai daga salansa, fankar lagireto, fambel da sandar sitiyari.

Fitilun daji ba fitilun hazo ba ne

Doguwar fitilar LED da ake ɗorawa a rufi ko kan bamba, da zagayayyun nan masu harba haske nesa, an yi su ne don jeji da hamada, inda babu mai tahowa. Ba su da layin da ke yanke haske daga sama, saboda haka a kan titi suna makantar da direban da ke fuskantarka, da mai babur, da mai tafiya a ƙasa. A cikin ƙura ma ba su da amfani, musamman ta kan rufi, wadda ke haska ƙurar da ke gaban gilashi da saman banet. Kalifoniya ta yarda da irinsu har takwas, amma sashe na 24411 ya ce a kan titi dole su kasance a kashe kuma a rufe da murfin da haske ba ya ratsawa. A Ostareliya, inda ake yawan amfani da su, sharaɗin shi ne su kama tare da ful kawai, su mutu da zarar an sauke zuwa dim. Turai ma haka, har da iyaka a kan jimillar ƙarfin hasken ful.

Wannan tsarin shi ya kamata a kwaikwaya. A ba su rilensu da fiyus ɗinsu da makunninsu dabam, kada su raba komai da fitilar hazo, kuma umarninsu ya fito daga ful ya bi ta makunni, yadda taɓa sandar sitiyari sau ɗaya zai kashe su gaba ɗaya idan mota ta ɓullo. Lambar wat da ake rubutawa a kwalinsu sau da yawa ta fi abin da suke ci, don haka a auna da mita; wadda take cin amfiya 20 da gaske tana buƙatar waya mai milimita murabba'i 4 da fiyus na amfiya 30, kore, kuma a tabbatar altaneta za ta ɗauki wannan a kan na'urar sanyi da sauran kaya.

Gwaji da saiti

A mayar da kan batir, a sa fiyus a ƙarshe, a sake bin yanayin nan huɗu. Fitilar hazo kada ta kama idan ƙananan fitilu suna kashe, ta kama da su da kuma dim, ta mutu da ful idan an sa rile na biyu. A tada injin a bar fitilun suna ci na minti goma, sannan a taɓa wayoyi da gidan fiyus. Ɗumi kaɗan ba laifi, zafi kuwa alama ce ta siririyar waya ko haɗin da bai matsu ba. A auna tsakanin kan batir da bakin fitila: asarar da ta wuce rabin volt tana nufin akwai gyara.

Saiti shi ne abin da aka fi tsallakewa, kuma fitilar hazo da ta kalli sama ba ta da bambanci da ful a idon mai tahowa. A tsayar da mota a fili mai daidai, tayoyi da iskarsu, tana fuskantar bango a tazarar mita 7.6. A auna tsayin tsakiyar fitilar daga ƙasa, a ja layi a bango a daidai wannan tsayin, sannan a juya notin saiti har saman hasken ya sauka santimita 10 a ƙasa da layin. Motar da aka ɗaga ko aka sa wa manyan tayoyi dole a sake mata wannan saiti har da na babbar fitila, haka nan Hilux da ake yi wa lodi mai nauyi a baya, domin gabanta yana ɗagawa; a saita ta da irin kayan da ta saba ɗauka.

Motocin Amurka galibi ba su da fitilar hazo ta baya, alhali a hunturu ita ce ke hana a afka wa mota daga baya. Ja ce, ƙwanta wat 21, ana kafa ta a tsakiya ko a gefen hagu tunda Najeriya da Nijar duka a hannun dama ake tuƙi, kuma a nisanta ta aƙalla santimita 10 daga fitilar birki don kada ta ɓoye ta. Umarninta ya fito daga layin dim ko na fitilar hazo ta gaba, da makunni mai hasken ruwan ɗorawa a dashbod wanda zai tuna wa direba ya kashe ta idan ƙura ta lafa ko an shiga cunkoson gari.